Wuyan Hannun Baba Sylvanus

In ka shiga Narayi ka ce kana neman mai gyaran wuta, tambayar da za a yi maka ɗaya ce: mai sauri kake so ko Baba Sylvanus? Masu sauri ga su nan birjik, kowanne da testa a aljihu da salatif a hannu, kafin ka gama bayani sun haɗa maka sun kama gabansu. In kuwa Baba Sylvanus ne, to jawo kujera ka zauna, don bawan Allahn nan sai ya wuni a kan soket ɗaya. Ka kira shi gyaran fanka, sai ka same shi a bayan gida yana haƙa rami, wai yana neman inda aka binne rodin da ke kai wuta ƙasa. In bai samu ba, kun shiga uku da faɗa, kai da wanda ya gina gidan da wanda ya sayar maka da shi.

Gajere ne, mai furfura, shekarunsa sittin da shida, ƙafar gilashinsa ɗaya ɗaure da jan waya. Shagonsa na kwano yana bakin titin da ya nufi Barnawa. Ba ya taɓa ƙarfe da tafin hannu sai ya fara shafa shi da bayan yatsu, ko da ƙofar coci ce. Matarsa Irene ta ce har cokali ta taɓa ganin ya yi wa haka. Ya ce ƙarya take yi masa, amma bai rantse ba.

Yana ɗan shekara goma sha tara ya baro ƙauyensu da ke wajen Zonkwa ya zo Kaduna, a zamanin da masaƙu ke ci a Kakuri, jiniyar tashi daga aiki in ta kaɗa sai titi ya cika da kekuna. A ɗaya daga cikin masaƙun nan ya koyi aikin lantarki, a ƙofarta ya haɗu da Irene tana sayar da kunu da ƙosai. A can kuma ya san Zakariyya'u, mutumin Funtuwa mazaunin Makera, wanda ke kula da wani injin rini. Kowa Malam Zakari yake ce masa. Shi kuwa in ya hango Sylvanus sai ya ɗaga murya: "Injiniya ba takarda!"

Abin ya faru ne a shekarar 1993, wata Laraba da hantsi. Fis na injin Malam Zakari, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa, ya ƙone karo na uku. Shugaban sashe na tsaye yana ta ɓaɓatu, wai ana jiran yadi. Sylvanus lokacin yana ji da kansa, sai ya yi abin da kowane ɗan wuta ya iya kuma ya san bai kamata ba: ya yanko waya mai kauri ya naɗa a gurbin fis ɗin. Ya leƙa bayan injin ya ga koriyar wayar nan ta ƙasa ta tsinke. Ya gan ta da idonsa, wallahi ya gan ta. Ya ce a ransa, gobe na gyara. Inji ya tashi, aka ce masa sannu da aiki. Bai kai ƙofa ba ya ji ihu.

Ƙasan wurin rini kullum a jiƙe yake. Malam Zakari ya dafa injin da hannun dama, wuta ta riƙe shi, sai da wani ya sa katako ya make shi aka raba su. Allah ya yi da sauran shan ruwansa. Amma yatsu biyu sun tafi, ukun da suka rage suka lanƙwashe, ba su sake miƙewa ba.

Da aka zauna bincike, aka ɗauko shi daga asibiti da bandeji aka tambaye shi ko ya ga wanda ya taɓa injin. Yana tsaye a wurin sa'adda aka naɗa wayar, ba abin da ya ɓace masa. Ya dubi Sylvanus, wanda ya san matarsa na ɗauke da cikin wata takwas bayan shekaru suna nema. Sannan ya dubi manyan ya ce, "Ni dai hannuna ne a jiƙe. Ƙaddara ce." Aka rufe magana a nan. Bayan wata guda Irene ta haifi Hadassah a asibitin ma'aikata, uban yana nan da aikinsa.

Shi da Malam Zakari ba su taɓa tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Masaƙa ta rufe, kowa ya kama abin da zai kama, Malam Zakari ya kafa teburin turare da carbi a ƙofar gidansa. Kowace Sallah sai Sylvanus ya je Makera da jakar aikinsa ya bi soket-soket na gidan yana dubawa, ko a shekarun da gari ya rikice mutane suka daina shiga unguwannin juna bai fasa ba. Kowace Kirsimeti kuma kwalbar turare tana isowa Narayi. Sai dai akwai abu guda. Kun san al'adar masu aikin hannu, in hannu da datti sai a dunƙule a miƙa wuyan hannu a gaisa. To haka Sylvanus ke yi wa Malam Zakari. "Hannuna da datti, Malam." Ko ranar bikin Hadassah, yana cikin farar babbar riga, wuyan hannu ya miƙa masa. Irene ta lura tuntuni. Ta ce, "Baban Hadassah, wannan dattin naka wane iri ne da sabulu ba ya fitar da shi?" Ya yi kamar bai ji ba. Gaskiyar ita ce ba zai iya riƙe hannun nan ba, ko kallonsa ba ya iya yi.

A watan Nuwamban bara wata tsohuwar bas mai cin mutum goma sha takwas ta tsaya a ƙofar shagonsa. Rakiya ce ta sauko, 'yar Malam Zakari ta fari, wadda take da shekara huɗu sa'adda abin ya faru, tare da mijinta Lawal direba. Sana'arsu sarin citta. In kaka ta yi sukan tafi Kachia da ƙauyukan wajen su yi kwana huɗu, biyar suna tara buhuna. Sun gaji da neman masauki da barin kaya a hannun mutane, sai suka cire kujerun bas ɗin, kafinta ya yi musu gado da 'yar durowa a gaba, baya kuma na buhuna. Saura wuta. Suna son fanka da ƙwai biyu da ƙaramin firji da wurin cajin waya, duk inda suka yada zango su ja waya daga shagon wani su jona.

"Babana ne ya ce mu kawo maka," in ji Rakiya bayan sun gaisa. "Ya ce kada wanda ya taɓa wayar motar nan sai kai."

Sylvanus ya dubi bas ɗin. Ya ce to.

Lawal ya buɗe durowa ya zaro wata doguwar waya yana murmushi, wai don ya rage wa Baba wahala, wani a tasha ya riga ya haɗa masa wannan. Filogi ne a kowane bakinta, mai haƙora uku nan, mai haƙora uku can. A soka ɗaya a bangon mai shago, a soka ɗaya a soket ɗin mota, shi ke nan.

Sylvanus ya karɓa ya jujjuya ta. Ya ɗauko filaya, ƙat, ya datse kan guda ya jefa a kwata.

"Haba Baba!"

"Haba ɗin me? In ka soka wancan a bango, waɗannan haƙoran da ke hannunka me ke cikinsu, zuma? Wanda ya haɗa maka wannan ba ya ƙaunarka." Ya buga jikin bas ɗin da bayan hannu. "Ku saurare ni ku biyun. Gida yana zaune a kan ƙasa. Wannan kuwa akwatin ƙarfe ne a kan roba huɗu. In wuta ta zube a jikinta ba ta da hanyar bi, sai ta zauna tana jira. Ba ta wari, ba ta ƙara, fanka na juyawa lafiya lau. Kuna ciki ba za ku ji komai ba. Wanda ya zo daga waje, ƙafarsa a ƙasa, ya kama marfin ƙofa, shi ne hanyar."

Lawal ya yi dariyar yaƙe ya ce kwana nawa aikin zai ɗauka. Sylvanus ya ce sai ya gama.

Kai, ya yi wa bas ɗin nan aiki kamar mai shirya ɗakin amarya. Ya huda gefenta ya dasa mashigar wuta mai murfi, wadda haƙoranta ke can ciki a jikin mota, bakin wayar da za a riƙe a hannu kuwa ramuka ne, ko an jona ba abin da yatsa zai taɓa. Ya ƙi wayar gida mai sanda ɗaya, ya ce jijjigar hanyar Kachia za ta karya ta cikin wata guda, ya sa mai silli-silli mai laushi. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe sai ya sa mata zoben roba. Ya raba hanyarta da wayoyin batir. Ya kankare fenti a jikin ƙarfen motar har ya yi ƙyalli, ya ɗaure koriyar waya a wurin da noti biyu, ya ja ya ja ya ga ba ta motsi, ya dawo washegari ya sake ja.

Abu ɗaya ya tsayar da aikin. Yana son bireka ta musamman, wadda ke yanke wayoyin biyu gaba ɗaya, don a ƙauye ba ka san wadda mai shago ya juya ba, kuma wadda da ta ji wuta ta fara zubewa ta wata hanya, ko ta jikin mutum ce, take faɗuwa kafin ƙiftawar ido. Ya shiga gari ya sayo ɗaya, ya gwada, ba ta faɗi ba. Ya sayo ta biyu, ya fasa ta don haushi, ya tarar maɓallin gwajin ado ne kawai, ba a haɗa shi da komai ba. Jabu! Ya zauna ya yi ta tsine wa masu yin ta har Irene ta leƙo ta ce ya tuna shi dattijon coci ne. A ƙarshe ya ɗauki hoton irin wadda yake so ya tura wa Hadassah, wadda ke aikin jinya a Legas, ya ce ta nemo ta gaske ta ba direban motar Kaduna ya kawo.

Sati ɗaya ya wuce, na biyu ya kama. Masu sarin citta duk sun tafi. Ranar Litinin da azahar Rakiya ta sauko daga keke, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Baba, don Allah ba ni makullin. Mai kyau tana ƙarewa a kasuwa, sai ragowa za mu tarar. Fanka na juyawa, firji na sanyi, me ya rage? Akwai wani a Kudenda ya ce cikin awa ɗaya zai haɗa mana kai tsaye. In abin naka ya iso, ka sa mana in mun dawo."

"Ba zan bayar ba."

"Motar tawa?"

"Taki ce. Ba zan bayar ba."

"Ikon Allah! Baba, girmanka nake gani fa. Kwana biyar ne kawai. Me zai faru a kwana biyar?"

Makullin na cikin aljihunsa, ya ji nauyinsa. Ya san in ta tafi Kudenda za a haɗa mata, kuma ba wani bayanin waya da zai tsayar da ita. Abu ɗaya ne ya rage masa, wanda ko Irene bai taɓa faɗa wa ba. Ya cire gilashi ya goge da bakin riga.

"Rakiya, me aka ce miki ya sami hannun babanki?"

Ta yi turus. "Inji ne. A masaƙa."

"Ni ne. Ni na naɗa waya a gurbin fis. Na ga wayar ƙasa a tsinke na ce gobe. Ba kwana biyar ba, ko minti biyar ba a yi ba. Ya gan ni, kuma da aka tambaye shi ya rufa min asiri." Ya mayar da gilashinsa. "Na cinye wa mutumin nan hannu. Ba zan cinye masa 'ya ba. Ki kira 'yan sanda in kina so."

Ta daɗe tana kallonsa. Ita ce fa tun tana ƙarama take ɓalle wa mahaifinta maɓallin riga, take yanke masa farce. Ta juya ta tare keke ta tafi.

Kwana uku bai ci abincin kirki ba. Ya faɗa wa Irene komai. Ta ce, "Na sani, mutumin nan. Kana tsammani wadda take kwana da kai shekara arba'in ba ta san abin da kake faɗa cikin barci ba?" Ta tura masa kwanon tuwo gabansa ta ce ya ci.

Ranar Alhamis bireka ta iso, Rakiya ma ta dawo. Ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Na tambayi babana," in ji ta. "Ya ce ai shi ya sa ya ce a kawo maka. Ya ce duk Kaduna kai kaɗai ne ba za ka ce gobe ba." Ta gyara mayafi. "Ni dai zuciyata ba ta sauko ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ka gama aikinka."

Ya ɗaura, ya gwada sau bakwai, sau bakwai tana faɗuwa. Ya tsayar da su ya yi musu karatu. A warware wayar duka, kada a bar ta a naɗe. A fara jona bakin mota, sannan na bango, in za a cire a fara da na bango. A danna maɓallin gwaji duk inda aka sauka. Ga rodi, ga guduma: a kafa shi a ƙasa, a zuba masa ruwa, a maƙala masa koriyar waya, don soket ɗin ƙauye da wuya ka sami mai wayar ƙasa. Kuma kada ya ji, kada ya gani, an shigar da hitar nan ta tsomawa a bokiti cikin motar nan. Lawal yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, hankalinsa na kan hanya.

Kwana tara bayan nan, wajen ƙarfe takwas na safe, Sylvanus na buɗe shago wayarsa ta yi ƙara. Rakiya ce daga Kachia.

"Baba, abin nan naka ya faɗi, kuma ya ƙi tashi. Ko ya lalace ne?"

"Me kuke yi ya faɗi?"

 Sanyi ne ya yi yawa, in ji ta, sai Lawal ya ari hita a wurin mai shago ya tsoma a bokitin ƙarfe ya ajiye a cikin mota, ya tafi neman masu dako. Ita kuma tana wanki a waje, ta cire silifas don santsi. Ta zo ɗaukar sabulu, ta kama ƙofa, sai ta ji wani abu ya fizge ta har kafaɗa, sai ta ji ƙas, fanka ta tsaya.

"Rodin fa?"

"Ƙasar ta yi tauri. Lawal ya ce in ya dawo."

Sylvanus ya zauna a kan benci. Jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙafa ba takalmi, hannun dama a kan ƙarfe.

"Ɗaga hannun," ya ce. "Motsa yatsun. Nawa ne ke motsi?"

"Duka mana, Baba."

"Ƙirga min."

Ta fara da dariya, ɗaya, biyu. Da ta kai uku sai dariyar ta ɗauke. Huɗu da biyar da ƙyar ya ji su, don kuka take yi. Shi ma hawaye ke bin gemunsa, a bakin titi, masu keke na wucewa suna kallonsa, bai damu ba. Ya ce Yesu na gode, ya sake cewa. Sannan ya share fuska ya dawo Baba Sylvanus ɗinsa: ta je ta cire wayar daga bango yanzu-yanzu, ta mayar wa mai shago hitarsa ta ce masa ta fashe kada ya sake ba kowa, ta shiga asibiti a duba ta ko ba ta jin komai, in Lawal ya dawo kuma ta ba shi wayar, akwai maganar da za su yi wadda bai kamata mace ta ji ba.

"Baba," ta ce kafin ta kashe, "Allah ya saka da alheri. Zuciyata ta sauko."

Bai ƙarasa buɗe shagon ba. Ya hau keke sai Makera. Ya tarar da Malam Zakari a kan tabarma a gefen teburinsa, ya riga ya sami labari, idanunsa jawur. Ya taso zai tarbe shi, ya miƙo hannun nan kamar kullum yana jiran wuyan hannu.

"Tsaya, Malam. Ara min buta."

Ya tsuguna a bakin kwata ya wanke hannuwansa, ciki da baya, har tsakanin yatsu, ko da yake bai taɓa komai ba tun safe. Ya goge a wando. Sannan ya kama hannun Malam Zakari da nasa biyu, yatsu ukun nan lanƙwasassu da gurbin biyun da babu, ya riƙe gam.

"Injiniya ba takarda," in ji Malam Zakari. "Shekara talatin da ɗaya. Yau dattin ya fita?"

"Na gode, Malam. Tun ranar nan nake so in ce maka na gode."

"Kai, rufa min baki. Ni da aka bar wa 'ya, kai ne mai godiya?"

Suka zauna a kan tabarmar, mai sayen turare ya zo ya tsaya ya gaji ya tafi. Sylvanus bai saki ba. Duk shekarun nan ya ɗauka hannun zai yi sanyi, ashe da ɗuminsa kamar na kowa.